Takardun Haihuwa Biyu, Suna Ɗaya

Shekarar da za a rushe tsohon ɗakin kakanmu a Gyadi-Gyadi, ni aka sa na kwashe kayan ciki. A ƙasan wata adaka, ƙarƙashin rigunan da asu ya cinye, na tarar da takardu naɗe cikin ƙyalle. Kakanmu akawu ne a tashar jirgin ƙasa zamanin Turawa, ba ya wasa da takarda. Ga ta aurensa da kakarmu da ajami, har da hatimin alƙali. Ga ta haihuwar babana, ga ta ƙanwarsa, Gwaggo. Na baje su a tabarma ina jerawa, don na daɗe ina son sanin asalinmu.

Sai ga wata takardar auren, wadda ta girmi waccan. Angon shi ne, amaryar kuwa ban taɓa jin sunanta ba. An maƙala mata takardar haihuwa da allura mai tsatsa. Sunan Gwaggo ne a jiki, amma wannan jaririyar ta riga babana ma zuwa duniya.

Na hau adaidaita zuwa Tarauni wurin Gwaggo, don ita kaɗai ta rage a cikinsu. Idonta ya yi rauni, sai na karanta mata. Ta daɗe tana murza bakin zaninta.

"Ashe bai ƙona su ba," ta ce.

"Gwaggo, wace ce?"

"Yayarmu ce. Uwarta 'yar kudu ce, a can wurin aiki ya aure ta. Da aka dawo da shi Kano, ta ce bari ta kai yarinyar danginta su gani, sannan ta biyo shi. Da hannunsa ya sa su a jirgi. Ba su isa can ba, ba su zo nan ba."

"Bai neme su ba?"

"Zuwansa uku. Da aka haife ni, sai ya sa mini sunanta. Wani lokaci ya kira, in amsa, ya yi ta kallona kamar ba ni yake kira ba."

Shekara biyu na yi ina bin sawu. Na je garin da aka ɗaura auren, wani tsohon magatakarda ya fito mini da littafin rajistar wancan zamani, gara ta cinye rabinsa. Unguwar dangin matar ta zama kasuwa. Duk dawowata Gwaggo takan tambaye ni, "Ka samo ta?" In ce tukuna.

Da damina Gwaggo ta rasu. Ana jana'iza, na ja liman gefe na roƙe shi ya yi wa mutum biyu addu'a. Ya tambaye ni ko ta biyun ma ta rasu ne. Na ce, "Malam, wallahi ban sani ba."

Har yau in na bi ta ƙofar asibitin koyarwa lokacin tashin ma'aikatan jinya, waɗanda da yawansu 'yan kudu ne, nakan rage tafiya ina duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ko zan ga 'yarta ko jikarta, musamman masu wushirya irin ta gidanmu.