Belun da Ba Shi da Laifi

Mahaifina wanzami ne, kuma a Wurno ta zamanin Turawa babu mai ja da shi wajen cire belu, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen baki. Daga Marnona har Dinawa ake goyo masa yara. A wurinsa duk ciwon wuya belu ne. Ko ƙwarewa ka yi da ruwa, sai ka ga ya fara laluben zabirarsa.

Ina shekara goma ƙanwata, wadda ba ta kai uku ba, ta daina haɗiyar abinci. Wuyanta ya kumbura, miyau na dalala, numfashinta na ƙara kamar zugazugin maƙeri. An cire mata belu tun tana jaririya, amma Baba ya leƙa ya ce ya sake tohowa. Ya kwantar da ita a cinyar Inna, ya danne harshenta, ya sa ƙarfe. Har yau ina jin kukan nan.

Bayan kwana biyu ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Inna, da ba ta taɓa yi masa musu ba, ta goya ta, ta tsaya a zaure.

"Malam, asibitin birni za ni da ɗiyata. In ka so ka biyo mu."

Ya biyo mu. Muka hau motar albasa da ta fito daga Goronyo, ina riƙe da ƙunshin kaya.

A asibitin aka ɗauki hoton wuyanta, irin mai nuna ƙashi. Malamin asibiti ya ɗaga hoton ga hasken taga. Ga ƙasusuwa a jere, ga wani farin abu zagayayye mai huda a tsakiya.

"Baba, ka san mi ne wanga?" in ji malamin.

Baba ya daɗe yana kallo. "Anini ne," in ji shi. "Haɗiye shi ta yi. Ni ko na yanke ta inda babu komi."

A ranar nan likita ya zaro aninin. Raunin ƙarfen Baba ne ya fi daɗewa bai warke ba.

Da ta fara shan kunu, Baba ya zauna bakin gado, ya hura ludayi, ya miƙa mata. Ta datse baki, ta cusa fuska cikin zanen Inna. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Ya miƙo mini ludayin, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallo ina ba ta tana sha.