Sawun Hannun Inna a Jikin Bango

Akwai abin da in na tuna, ko ina tsakiyar walda sai na kashe inji na nemi wuri na zauna. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo mani, amma har ranar da za a rufe ni ba zan manta da matakalar ƙofar ɗakin mahaifiyata ba.

Ni mai walda ne, shagona na wajen Ƙofar Sauri, kuma abin da aka fi sanina da shi shi ne relin. Kalmar Turawa ce, mu muka murɗe ta a bakinmu ta koma haka. Duk ƙarfen da aka jera don ya tare mutum kada ya faɗa, ko don ya dafa ya hau, shi muke nufi. Na baranda relin ne, na matakalar bene relin ne, har na gefen gada haka muke ce mashi. Wani malamin makaranta da na yi wa aiki ya taɓa ce mani wai a Turanci har mai zazzaga wa mutane faɗa da wannan kalma ake kwatanta shi. Na ce, "Malam, wannan kuma naku ne na 'yan boko, mu namu na ƙarfe ne." Lokacin nan kaina rawa yake, don duk wanda ya ɗaga bene daga Kambarawa har bayan gari, ni yake nema.

Inna kuwa tana tsohon gidanmu na Ƙofar Durbi, ita da ƙanwata. Tun mahaifinmu na da rai aka ɗaga ɗakinta saboda ruwan damina, aka yi mashi matakala hawa uku ta siminti. Hawa uku fa kacal. Amma gwiwoyinta sun gaji, sai ta dafa bango take sauka, ɗaya hannun riƙe da buta.

Ni ne ɗan farinta, kun kuwa san yadda iyayenmu mata suke da ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na durƙusa gaishe ta, tana kallon wani wuri take amsawa. In tana son na ci abinci, sai ta ce da ƙanwata, "Ki tambayi wancan ko ya ƙoshi." Da haka na tashi, ya kamata a ce na fi kowa iya jin maganarta.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na je gaishe ta, na zaro waya ina nuna wa ƙanwata hoton aikin da na gama a gidan wani Alhaji, farin ƙarfe sai ƙyalli yake. Ina ta cika baki. Inna ta ɗan saci kallo, ta ce da ƙanwata, "Ashe har na matakala ana yi? Kai, masu bene sun huta."

Da zan tafi ƙanwata ta biyo ni zaure, ta ce, "Yaya, ka dai ji abin da Inna ta ce."

Na ce, "Me ta ce?"

"Haba Yaya! So take ka sa mata a ƙofar ɗaki."

Na koma na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Inna, a yi maki irinsa ne?"

Ba ta ɗago ba, ta ce, "Wa ya aike ku? Ni ga bangona nan. A bar mutum ya ji da aikin gabansa."

Wallahi na san wannan ba ƙi ba ne, kunya ce. Amma da yake amsar ta yi mani daɗi, sai na ɗauke ta a yadda ta zo. Na ce wa ƙanwata sati mai zuwa. Satin ya zo aka ɗauke wuta. Na gaba wani aiki ya taso. Guntayen fayif na ƙarfe kuwa ga su nan jibge a bayan shago, kullum sai na tsallake su. Da ƙanwata ta sake tuna mani, har ta haɗa da cewa, "Yaya, ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha," sai na hayayyaƙo mata. Na ce ita mai ɗakin ta yi magana ne? Ko ita ce za ta koya mani kula da uwata? Inna na daga ciki tana jin mu, kuma daga ranar ba a sake tayar da zancen ba.

Damina ta shigo. Ran nan an sha ruwa da hantsi, rana ta buɗe, ina saman benen wani ina ɗaure mashi relin ɗin baranda, sai ga kiran ƙanwata. Kuka kawai take. Da ƙyar na gane cewa Inna ta fito alwala, bangon ya jiƙe, hannunta ya zame, ta faɗo daga hawa na sama. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san yadda aka yi na sauko daga benen nan ba.

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma ga mai shekarunta sai dai a yi ta addu'a. Aka kwantar da ita. Wata nas ta zo ta ɗaga ƙarfen gefen gadon, ta ce mana, "Ku bar relin ɗin nan a sama, kada ta mirgino." Na ji kamar ta kwaɗa mani mari. Ina tsaye ina kallo Inna ta lalubo ƙarfen ta riƙe gam, ta juyar da fuska bango don kada na ga tana hawaye.

Washegari na je gida ɗauko mata kaya. Ina isa ƙofar ɗakin na tsaya cak. A jikin farar ƙasar da aka shafe bangon da ita, ga wani baƙin sawu nan ya gangaro daga sama zuwa ƙasa, ya yi sumul saboda shafa. Tafin hannunta ne. Sau biyar a rana, wata da watanni, nan take dafawa. Sau nawa na wuce ta wurin nan ban gani ba? Na zauna a kan matakalar na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Da na tashi, tef ɗin awo na zaro daga aljihu. Ban ma sha wahalar awo ba, sawun nan na bi, don ita da kanta ta riga ta nuna mani tsayin da take so. Na koma shago na kwaso guntayen fayif ɗin nan da nake tsallakewa. Tsakanin azahar da la'asar na yanka, na haɗa, na kafa, na shafa fenti. Aikin da na yi wata biyar ina ja, bai ci mani ko yini guda ba.

Da aka sallamo ta, a kan katifa muka ɗauko ta ni da maƙwabta. Za mu hau matakalar ta ce a dakata. Ta miƙa hannu ta shafa ƙarfen a hankali, daga sama har inda hannunta ya kai. Sannan ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce mashi ya yi kyau. Allah ya yi mashi albarka."

Da ma zagina ta yi, da ya fi mani sauƙi. Shafawar nan ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe, don Inna ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Kafin wata daminar ta zagayo Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Relin ɗin na nan har yau, ƙanwata na shanya darduma a kai. An sha cewa a sake shafe bangon, ni nake hanawa. Da na sani ƙeya ce, na yarda, amma ga abin da na koya: mai jin kunyarka ba ya roƙonka sau biyu, na farkon ma a kaikaice zai yi shi. In tsohuwarka ta yaba wani abu a gidan wasu, ko ta ce maka "a bar shi, ba gaggawa," to ka ajiye duk abin da ke hannunka ka tashi. Ni na tsaya jiran Inna ta buɗe baki ta tambaye ni, alhali kullum tana faɗa da tafin hannunta a jikin bango.