Baji Nighat, Mai Cire Zare

Shekara talatin da uku ke nan, da ta idar da Asuba sai Baji Nighat ta kurɓi shayinta a tsaye, ta hau riksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa sashen masu ƙuna na wani asibiti a Multan. Ba ta taɓa yi wa kowa tiyata ba. Aikinta cire zaren ɗinki, shi ya sa ta san hannun kowane likita kamar yadda tela yake gane ɗinkin ɗan'uwansa. A watan nan za ta ajiye almakashinta, ni kuwa na ƙi yarda ta tafi shiru.

Ku tambayi Samina, maƙwabciyarta, wadda wutar risho ta liƙe wa haɓa da ƙirji, shekara biyu ba ta ɗaga kai ba. Mijinta Liaqat ya samo wani mai gyaran fata a saman shagon kwalliya, wanda ya ce kafin Babbar Sallah zai gama.

"Baji, kin ga hotunan aikinsa a waya kuwa?" in ji Liaqat.

"Ƙanena, ni ma a waya budurwa ce. Mu je in gan shi."

Da suka je ta nemi takardar ƙwarewarsa a tiyatar gyaran jiki, ya kama kame-kame. Ta tambayi wanda zai kula da numfashin Samina in an sa ta barci, ya ce yana hanya. Sai ta ce, "Kira mini mutum ɗaya da ka ɗinka bara, in taɓa tabon." Sai ya miƙo mata hotuna a waya. Ta ja hannun Samina suka sauko.

Samina ta yi kuka, don ta gaji da kallon ƙasa. Ranar Alhamis Baji ta zaunar da ita a bencin da tsofaffin majinyata ke jiran likitan da ya yi musu aiki.

"Kar ki ji ta bakina, 'yar'uwa. Roƙe su ki shafa wuyansu."

Ta shafa, ta ji laushi, ta yarda ta bi layin wata takwas, har aka yi mata aikin a asibitin.

Ke ce, Baji, mai ido a yatsa. Kin sha baƙin jini wurin masu gaggawa, ba ki fasa ba. Allah ya saka miki, ya sa masu tasowa su koyi wannan taurin kan naki, mu kuma mu koyi tambaya kafin mu miƙa jiki.

Da magaribar jajiberin Ƙaramar Sallah matan unguwa suka hau soro neman wata. Wata mata ta fara kwatanta wa Samina inda yake da baki, kamar yadda aka saba tun ba ta iya ɗaga kai.

"Bar shi," in ji Samina, kanta a sama. "Na gan shi da kaina."