Jarkar Alwala ta Gidan Labbo

Labbo ɗan garuwa ne a Sabon Birni, shekara goma sha tara yana tura kura. Mutum ne mai tsabta har da fitina: ƙuda ya sauka bakin jarkarsa, sai ya wanke ta sau uku. Ruwan burtsatse yake sayarwa, kuma da shi yake taƙama.

Amma da bazara, in layi ya yi tsawo, yakan ratsa ta kududdufin bayan gari ya cika jarka ɗaya ta gida. Ai ba ta sha ba ce, in ji shi, ta alwala ce. Da wannan ruwa mai ɗumi ya koya wa ɗiyarsa Nusaiba alwala, tana shekara bakwai. "Shaƙa da kyau," yake ce mata, "har ki ji shi can cikin kai."

Bayan kwana biyar, zazzaɓi ya kama ta, wuya ya sanƙare. Aka ce sanƙarau ne, aka wuce da ita Sakkwato, magani bai ci ba. Likita ta tambayi Labbo ko yarinyar tana taɓa ruwan tafki.

"Gidana? Ruwan burtsatse muka sha, likita."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Ya tuna jarkar sarai, kunya ta ɗaure masa baki, don matarsa Habi da surukinsa suna tsaye.

Sai da aka ɗebi ruwan cikin ƙashin bayan yarinyar, aka kai shi ga wata na'ura mai karanta ƙwayoyin halittar duk abin da ke ciki. Kwana biyu ana jira, tana ta ficewa daga hayyacinta. Sakamako ya nuna wata 'yar halitta ce ta kwantaccen ruwa mai ɗumi, wadda ba a kamuwa da ita ta sha, ta hanci take bi zuwa ƙwaƙwalwa. Sai a lokacin Labbo ya faɗi zancen jarkar. Likita ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi da ta sani tun farko, da tun ranar ta canza magani.

Da ƙyar aka ceto Nusaiba, kuma har yau maganarta a daddafe take fita. Habi ba ta taɓa yi masa gori ba, wannan ya fi ci masa rai.

Yanzu tafasasshen ruwa yake zuba mata a buta. In ta zo shaƙa, takan ɗago ta dube shi.

"Baba, har cikin kai?"

Labbo sai ya sunkuyar da kai. "Kaɗan ya isa, ɗiyata."