Mutumin da Ya Kwashe Dausayi a Buhu

Idan mutane suka fara rufe ƙofofinsu, lokacin ne Baba Mai Tocila yake zura takalmin robarsa. Ya ɗaura tocila a goshi, ya rataya buhu, ya ɗauki sandarsa mai ƙugiya, ya nufi dausayin da ke bayan unguwarmu. Matarsa ta daɗe da gajiya da faɗa. Iyakarta ta ce idan ya kuskura ya dawo da maciji, to su kwana a waje shi da baƙon nasa.

Ƙaramin ma'aikacin kula da namun daji ne, aikinsa ya shiga ruwa da dare ya ga abin da ke raye a ciki. Ya taɓa gaya mini dalilin ɗaura tocilar a goshi: sai haske ya fito daga kusa da idonka kake ganin ƙyallin idon dabba. Na kada ja ne jawur. Maciji kuwa ba ya ƙyalli, sai dai ka lura da ciyawar da ta kwanta.

Mu dai amfaninsa muka sani. Ranar da gamsheƙa ta naɗe a bayan tukwanen matar tela, maza sun taru da sanduna, amma kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara shiga. Baba ne ya zo ya ce a ba shi wuri, ya fito da ita a buhu da ranta, ya mayar da ita bakin ruwa. Haka ya yi da mesar da ta shige banɗakin makaranta. Ko sannu ta kirki ba kowa ke yi masa ba, wasu ma cewa suke ai asiri ne.

Bara aka sayar da dausayin, za a cike shi a gina gidaje. Ya je ofis ya yi magana, aka ba shi haƙuri. Sai ya ce to, kafin tifofi su gama zuba ƙasa, shi zai kwashe abin da zai iya. Ga ciwon gwiwa, ga yanar ido ta fara rufe masa gani, amma kullum dare yana cikin laka, yana cika buhu da kififiya da macizai da 'ya'yan guza, yana tsallaka kwalta da su zuwa wani tafki can gaba.

Abin da ya ɗaure masa kai, kififiyar ba ta raguwa. Ya ari jan farcen 'yarsa yana ɗiga wa kowace a baya kafin ya sake ta. Ashe waɗanda ya kai ne suke dawowa. Da ƙafa suke tsallako kwaltar, su nufi gidansu da ake binnewa, motoci na bi ta kansu. Wata safiya 'yar tasa ta same shi tsugune a bakin titi, ga ɓawon kififiya a farfashe da jan ɗigo a kai.

"Baba, don Allah ka bari haka nan, ka yi iya ƙoƙarinka."

"Ni na ɗauka ruwa ruwa ne," in ji shi. "Ashe su ma sun san gida. Ni na ɗora su a kan titin nan."

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. A'a Baba, ba kai ka ɗora su ba. Kai ne kaɗai ka shiga laka dominsu, mu muna tsaye muna kallon katafila muna cewa unguwa ta ci gaba. Kai ne ka yi shekara da shekaru kana raba mu da macizai ba tare da an kashe su ko sun kashe mu ba. Abin baƙin ciki, ga shi ka ajiye aiki a watan nan, babu mutum ɗaya da ya zauna ya koyi abin da ka sani.

Mun gode, Baba, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu bin titin nan, damina ta kusa, kuma kififiyun nan za su taso. Idan kun hangi wani abu kamar dutse yana rarrafe a kwalta, ku taka birki, ku sauka ku mayar da shi tafki. Zai sake dawowa, na sani. Ku sake mayar da shi, domin idon Baba ba ya ganinsu yanzu.