Ƙwayar Dawar Goggo Saratu

Jiya ina durƙushe a tsakar gidanmu a Demsawo, hancina ya kusa taɓa tabarma, ina ɗaukar hoton ƙwayar dawa guda ɗaya.

Gilashin da nake aiki da shi na tsohon injin wanke hoto ne na marigayi Bappana. Na juya shi gaba ya koma baya, na manna a kyamarata da guntun bututu, don kawai in ga abin da zai fito. Wallahi ƙwayar sai ta koma kamar tulu!

Dawar ta maƙwabciyarmu ce, Goggo Saratu. Irin ta ƙulle shi a bakin zani ranar da suka gudo daga Madagali, kuma duk damina tana shuka shi a Damare.

Ta leƙa hoton, ta nuna da yatsa.

"Ɗana, wannan baƙin ramin fa?"

Na ƙara girmansa. Ashe ƙwaro ne a ciki, har ƙafafunsa ana gani.

"Goggo, ai akwai iri mai kyau a kasuwar Jimeta."

Ta harare ni. "Na kasuwa ya san hanyar garinmu?"

Nan take ta zazzage buhun dawar a rana, ta aike ni ɗebo toka a murhu, muka cakuɗa.

Ni wasa na fito yi, ga shi har yanzu akwai toka a farcena.

Ku fa, me mutanenku suka ƙullo a bakin zani?