Shibrar Yaya Lawal

Da daminar bana yayana Lawal ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙansa. Malamin gona ne, ya yi aiki a ƙauyukan Dutsi har ya ajiye. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, amma abin da zan faɗa da hannuna a ciki, shi ya sa na yi ta jinkiri.

Yana cikin aiki aka ba shi irin sanfulawa ya gwada, tsiron nan mai faffaɗan fure da ake matse mai daga 'ya'yansa. Ta fito da kyau, sannan cutar fumfuna ta kama ganyen, gonar ta ƙone tsaye. Wani masanin iri da ya zo dubawa ya shaida masa cewa a ƙasashen da sanfulawa ta samo asali, akwai danginta na daji da ba sa ba da mai, amma wasunsu cutar ba ta iya musu. Su ake haɗawa da ta gida, 'ya'yan su gaji juriyar. Yaya ya dawo gida da wannan magana, bai ƙara rabuwa da ita ba.

Ya ce idan sanfulawa tana da dangi a daji, geronmu ma yana da shi, wato shibra. Kowane manomi ya san ta. Tana kama da gero, amma zangarniyarta ƙarama ce, tana zubar da ƙwaya tun kafin girbi, don haka duk inda aka gan ta tugewa ake yi. Shi kuwa ya lura cewa shekarar da cutar domana ta ɓata zangarniyar gero, wata shibrar tana tsaye lafiya. Sai ya shiga bin bakin gonaki da saurukan da ba a nomawa, daga Mashi har Babban Mutum, yana tsinko wadda cuta ta tsallake. Ya ware ƙarshen gonarsa yana shukawa layi-layi, kowane layi da turkensa. Wadda ta kamu ya yar, wadda ta jure ya adana. Burinsa ya kai wa masana abin da ya tace.

Mutane sun yi masa dariya, har da ni. Na taɓa ce masa, “Yaya, kowa na korar ɓarawo, kai kana shimfiɗa masa tabarma.” Ya ce, “Ɗan'uwanku ne, Auta. Tarbiyya ce kawai bai samu ba.”

A shekararsa ta ƙarshe ya ga irin ya fara tsufa, sai ya shuka duk abin da ke hannunsa don ya sabunta. Ciwo ya kwantar da shi bayan noman farko, bai tashi ba. Bayan sadakar bakwai muka yi abin da aka saba yi wa gidan mamaci: na kira gayya don a yi wa iyalinsa maimai. Mutane suka fito da yawa, domin suna ƙaunarsa. Ni ina can wajen rabon fura, na manta ban yi wa kowa zancen shibrar ba. Da suka isa ƙarshen gonar suka tarar da shibra jere, sai suka ɗauka jinya ce ta hana shi cirewa. Suka tuge ta tas, suka tara turakun a gindin gawo. Ba su yi hakan ba sai don girmama shi.

Matarsa, Yaya Binta, ta zo ta duba wurin. Abin da ta ce kawai shi ne, “Auta, aikin shekara ashirin ne fa.” Ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yanzu. Saurukan da yake bi duk sun zama gonaki. Bakin gona da a da ake bari, yau maganin feshi ake bi da shi. Bana domana ta shiga geronmu, na tsaya ina kallon zangarniya tana danƙo, ba ni da abin yi sai kallon. Ko da wani zai so ya sake aikin daga farko, ban san inda zai je tsinko ba.

An ce mutumin kirki ne, kuma gaskiya ne. 'Ya'yansa sun girma, suna yi masa addu'a. Amma abin da ya sa ransa a kai bai kai hannun kowa ba. Shibra tana nan tana fitowa a gonata kamar ta kowa. Wani lokaci nakan tsaya a kanta da fartanya, in bar guda ɗaya. Sai dai shi ya san wadda ya zaɓa da dalilin zaɓenta. Ni duk iri ɗaya nake ganinsu.